Idan dare ɗaya ne za ka ci na tsada a Istanbul

Jama'a, akwai maganar da na daɗe ina son yi da 'yan'uwanmu masu zuwa Istanbul, musamman 'yan kasuwar da ke sauka unguwar Laleli saro abaya da jakunkuna da kayan yara. Alhaji ya gama sari, an ɗaure kaya an miƙa wa masu kago, saura dare ɗaya kafin jirgi, sai ya ce bari ya fita da Hajiya su ci abinci a babban wuri. Ba ni da ja da wannan ko kaɗan. Wanda ya wuni yana hawa benayen shaguna yana ciniki ya cancanci ya zauna a yi masa hidima. Inda nake da magana shi ne yadda ake zaɓen wurin.

Yawancinmu waya ce ke zaɓa mana. Tun da bidiyon Nusret Gökçe, wanda ake kira Salt Bae, ya bazu a 2017 yana barbaɗa gishiri ta gwiwar hannu, kusan duk wanda ka tambaya ina za shi a Istanbul, sunan da zai fara kamawa ke nan. Mutumin mahauci ne da ya san aikinsa. Sai dai gidan abincinsa yana da reshe a Dubai, yana da shi a Landan, kuma gasasshen naman sa ba shi ne abin da Istanbul ta fi kowa a kansa ba. Ballantana mu da muka taso da balangu da tsire da kilishi, ba tsokar nama ce za ta ba mu mamaki ba. Ni a ganina, idan dare ɗaya gare ka a babban birni, kuɗinka ya tafi wajen girkin da ba za ka same shi a wani gari ba.

Istanbul kuwa tana da wannan girkin, domin ta yi ɗaruruwan shekaru tana fadar Daular Usmaniyya. A unguwar Beyoğlu akwai Hacı Abdullah, gidan da tarihinsa ya koma 1888, kuma ba a sayar da giya a cikinsa. A saman ƙofar kasuwar kayan ƙamshi ta Eminönü akwai Pandeli, mai bango lulluɓe da shuɗin tayil. A irin waɗannan wurare ne za ka nemi hünkâr beğendi: naman rago da aka dafa har ya yi luguf, a ɗora shi kan baƙin yalo da aka gasa a wuta aka kirɓa da madara da man shanu da cuku, ƙamshin hayaƙin yana nan a cikinsa. Hajiyar da ta san girki za ta yi ta tambayar yadda aka yi shi.

Wanda kuma yake son na zamani, kundin Michelin, mai ba fitattun gidajen abinci taurarin yabo, ya shigo Istanbul a ƙarshen 2022. A fitowar farko gidan abincin TURK Fatih Tutak ya samu taurari biyu, Mikla da Neolokal suna cikin masu tauraro ɗaya. Mikla yana saman otal ɗin Marmara Pera, daga can kana hango tsohon birni da hasumiyoyin masallatansa. Neolokal kuma yana cikin tsohon ginin Bankin Usmaniyya a Karaköy. Amma ka san abin da za ka tarar kafin ka je. A irin waɗannan gidaje ana kawo abinci kala-kala ne, loma biyu ko uku a kowane faranti, zaman ya ɗauki awa biyu zuwa uku. Sai an kama wuri tun da wuri, wani lokacin da makonni. Wanda ya zo da yunwar kasuwa yana son faranti cike zai fita ransa a ɓace, kuma ba laifin masu girkin ba ne. A kuma duba lokacin Magariba da Isha'i kafin a tsayar da lokacin zaman.

Sai maganar da ta fi damuna. Don ƙasar Musulmi ce, mutanenmu kan saki jiki su ce komai halal ne. Naman galibi ba matsala, amma manyan gidajen abinci na zamani suna sayar da giya, wasu ma sukan zuba ta a miya ko a kayan zaƙi. Tun lokacin kama wuri ka faɗa musu ba ka ta'ammali da giya ko a cikin girki. Sun saba da wannan buƙatar, babu wanda zai yi maka kallon baƙauye.

Masu sha'awar cin kifi a bakin mashigin ruwan Bosforus, wajen Bebek ko Arnavutköy, ku sani sau da yawa da kilo ake sayar da babban kifi. Ka ce a auna a gabanka, a faɗa maka kuɗin kafin ya hau wuta. Daga 15 ga Afrilu zuwa farkon Satumba an hana manyan jiragen kamun kifi fita, don haka a wannan tsakanin yawancin abin da za a kawo maka na kiwo ne. Lüfer, kifin da mutanen birnin suke ji da shi, sai wajen Oktoba da Nuwamba yake yin ƙiba.