Kafin ka ce wa ɗan'uwanka kafiri

Matasa 'yan'uwana, mun mayar da kalmar "aƙida" sandar dukan juna. Da an yi saɓani a Facebook kan ƙabalu da sadalu, sai ka ji an ce, "Ai wane aƙidarsa ta lalace." Alhali kama hannu ko sakinsa a salla mas'ala ce ta fiƙihu, malaman mazhabar Malikiyya kansu sun yi saɓani a kai.

Aƙida daga kalmar Larabci "aƙada" ta fito, wato ƙullawa. Daga tushen nan ne Larabawa suka samo sunan ɗaurin aure da ƙulla ciniki. Abin da zuciya ta ƙulle a kai game da Allah da Mala'iku da Littattafai da Manzanni da Ranar Lahira da ƙaddara, shi ake nufi. Duk wanda ya ɗauki Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, a zaure ya san babin farko a kan haka yake: abin da harshe ke furtawa, zuciya ta ƙudurta. Imani kuma uwarsu ɗaya da aminci da amana. To, wanda mutane ba su tsira daga harshensa ba, ina rabonsa da wannan ma'ana?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kafirtawa. Asalin "kufru" rufewa ne. A Suratul Hadid, aya ta 20, an kira manoma "kuffar" saboda suna binne iri a ƙasa. Kafiri shi ne wanda gaskiya ta zo masa ya rufe ta. Wannan hukunci ne mai nauyi, na manyan malamai da alƙalai, ba na mai waya da data ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗe mu cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar sai ta koma kan ɗayansu. Da Usama ɗan Zaidu ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen yaƙi, cewa Annabi ya yi masa, "Ka tsaga zuciyarsa ne?"

Hawarijawa, ƙungiyar da ta yi wa Sayyidina Aliyu tawaye, da wannan ɗabi'a suka fara, suka kafirta masu zunubi, har ɗayansu ya kashe Sayyidina Aliyu a Kufa a shekara ta 40 bayan Hijira. A ƙasarmu ma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubutu yana raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilimin tauhidi ba. Shehu ya ce imanin waɗannan talakawa ingantacce ne.