Yaron da ya daina tashi da gudu bai rasa tausayi ba

Koken iyaye da malamai kusan iri ɗaya ne. Yaron da yana shekara takwas kafin ka rufe baki ya miƙe, yau ya kai sha huɗu sai ka kira sunansa sau uku kafin ya ɗago kai. Daga nan sai a yanke hukunci wai ya lalace, son kai ya shige shi. Ni ban yarda da wannan hukuncin ba, kuma ina ganin yadda manya ke ɗaukar wannan lokacin shi ne ke lalata abin da suke kukan an rasa.

Ɗan shekara takwas yana taimako ne galibi don an ce ya yi, ko don a yaba masa, ko don gudun faɗa. Wannan ba laifi ba ne, matakinsa ke nan. Nancy Eisenberg, wadda ta yi shekaru tana bin yara a Amurka tun suna ƙanana har suka girma, ta nuna yadda dalilin taimako ke sauyawa. Ƙaramin yaro yana duba abin da zai samu. Daga baya ya koma neman a ce masa yaron kirki. A tsakiyar samartaka ne ake fara jin dalilai irin su "da ni ne a halinsa ba zan ji daɗi ba", can gaba kuma "ba zan iya kallon kaina ba in na ƙyale shi". Tsohon dalilin yana kwancewa kafin sabon ya kafu. Wannan giɓin ne iyaye ke gani a gida, suna kiransa lalacewa.

Kuma giɓin ya fi fitowa a wurin maza. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka wallafa a 2014, ya bi matasa kusan 500 daga shekara 13 zuwa 18. 'Yan mata sun riga maza iya sa kansu a matsayin wani, tausayinsu kuma bai wani girgiza ba. Na maza kuwa ya yi ƙasa daga farkon samartaka zuwa tsakiyarta, sannan ya dawo inda yake. Ya dawo ɗin nan shi ne abin riƙewa. Uban da ya yanke ƙauna a kan ɗansa a shekara 15 ya bar kallon tun ba a je rabi ba.

Abin da ke faruwa cikin ƙwaƙwalwa ma yana da hannu. Sashen da ke jin daɗin lada da yabo yana kan ganiyarsa a waɗannan shekarun, shi kuwa sashen bayan goshi, mai tsara abu da danne zuciya, ba ya gama nuna sai an shiga shekara ashirin da wani abu. Kullum ana kawo wannan don bayanin ganganci, tuƙin hauka da shaye-shaye. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wutar ɗaya ce, mai tura shi ga ganganci ita ce mai tura shi ga alheri. Mai bincike Eva Telzer da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar matasa suna zaɓi tsakanin riƙe kuɗi da ba iyalinsu, suka ga sashen ladan nan yana kunnuwa lokacin bayarwa, musamman ga waɗanda taimakon iyali ke da ma'ana a wurinsu. Matashi yana neman abin da zai sa ya ji shi wani ne. In bai same shi a wurin amfanar mutane ba, zai nemo shi a wani wurin.

Haka zancen abokai. Muna cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, muna nufin sharri kawai, alhali mai turare ma yana shafar na kusa da shi. A gwaje-gwajen da ake ba matasa kuɗi su zaɓi nawa za su zuba a asusun kowa da kowa, in sa'o'insu suka yaba wa mai bayarwa sai bayarwa ta ƙaru, in suka yaba wa mai riƙewa ta ragu. A jihar New Jersey ta Amurka, mai bincike Elizabeth Paluck ta yi aiki da makarantu 56 a kan rage rikici tsakanin ɗalibai. Ba wa'azi aka tara ɗalibai aka yi musu ba. An zaɓo ɗalibai kaɗan, cikinsu har da waɗanda sauran ke sauraro, aka bar su su tsara yaƙi da cin zali da kalmominsu. Cikin shekara ɗaya rahoton rikici tsakanin ɗalibai ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Maganar da malami zai yi sau goma ta bi iska, ɗan aji mai farin jini ya yi ta sau ɗaya ta zauna.

Sai dai akwai gefen da ba shi da daɗi. Da girma ya zo, matashi yana ƙara tace wanda zai yi wa alheri. Abokinsa zai ba shi rigar wuyansa, wanda ba ya cikin ayarinsu kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Don haka yaron da ke kwana yana lallashin aboki a waya amma ya bar ƙanensa da aikin gida, tausayin yana nan, da'irarsa ce ta matse. Aikin babba shi ne faɗaɗa ta.

To ta yaya? A daina aike, a fara ba da amana. Aike shi ne "je ka ɗauko". Amana ita ce aikin da wani mutum takamaimai ya dogara da shi, wanda in ba a yi ba za a ga giɓi: koya wa ƙaramin yaro karatu ranaku biyu a mako, tuna wa tsoho lokacin maganinsa, riƙe lissafin wata ƙungiyar ɗalibai. A ajiye masa biyu ko uku ya zaɓa da kansa, domin zaɓin shi ne rabin maganin. A sa rana da lokaci. Ba sai ya yi yawa ba. A Kanada an sa ɗaliban sakandare suna taimaka wa 'yan firamare awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi a mako na kimanin wata biyu, aka tarar har a jikinsu an ga bambanci, kitsen jini da alamun kumburi sun fi na waɗanda ba su yi ba sauƙi. Sannan a bar shi ya ga sakamakon da idonsa, ya ji godiya daga bakin wanda ya amfana.

Inda ake ɓata abin kuwa sananne ne. Biyan kuɗi a kan kowane taimako yana mayar da alheri ciniki, ranar da babu biya babu aiki. Kwatanta shi da ɗan'uwansa yana haifar da gaba, ba gyara ba. Tsawa a gaban abokansa ta fi duka muni, domin a wannan shekarun babu abin da matashi ke karewa kamar mutuncinsa, zai gwammace ya ƙi aikin da ya san daidai ne da a ce an tanƙwara shi a bainar jama'a. Akwai kuma wani kuskuren da masu son 'ya'yansu ke yi: ya yi aikin bai yi kyau ba, sai a karɓe a ce bar shi kawai. An gaya masa ke nan ba a buƙatarsa. In ya yi wa wani ba daidai ba, a ja shi gefe a nuna masa abin da ya jawo: ƙanwarka ta jira ka awa biyu a bakin makaranta, kowa ya watse ya bar ta. Wannan ya fi "ba ka da hankali" aiki nesa ba kusa ba, domin hankalinsa kan ƙanwar zai koma, ba kan kare kansa ba.

Abu na ƙarshe da ake yawan ruɗewa a kai shi ne bambancin tausayi da firgita. Wani matashin in ya ga mutum cikin wahala zuciyarsa ce ke bugawa, ya rasa abin yi, ya bar wurin ko ya yi dariyar da ba ta dace ba. Ba taurin zuciya ba ne, damuwar ce ta fi ƙarfinsa. Irin wannan ba ya buƙatar a ƙara masa jin zafi, matakai yake buƙata. In ana cin zalin wani ba dole sai ya shiga tsakani ba. Zai iya kiran wani da sunansa ya ce zo mu je, domin taro yana sa kowa ya jira kowa. Zai iya sanar da malami, ko ya je wurin wanda aka zalunta bayan an watse ya zauna da shi.

Akwai kuma kishiyarsa, wadda aka fi gani wurin 'yan mata, yarinyar da kowa ke yabo don ta ɗauke nauyin gida ko ta zama ma'ajiyar damuwar ƙawayenta. Ma'aunin mai sauƙi ne. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. In hidimar ta fara cin barcinta, ko tana sa ta fashin makaranta, ko ta raba ta da sa'o'inta, an wuce gona da iri, babba ya karɓi wani kaso. Kuma a gaya mata tun kafin ranar ta zo cewa in ƙawa ta ambaci cutar da kanta, wannan ba sirrin riƙewa ba ne, a ranar za a kai shi ga babba ko da ƙawar za ta yi fushi.