Hadina Ba Gishirin Miya Ba Ce

Tsatsa ta cinye leɓen bonet ɗin Golf ɗina har ta kai fanalbita ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce, "Malam, nan ko ashana ka kusanto da ita hudawa za ta yi, balle wutar walda." Na shiga Sabon Gari na tambayi kuɗin na Baljiyam, na ji farashi, na yi wa mai shago fatan alheri na fito. A hanya zuciya ta raɗa mini cewa ai na saba liƙe bamba da murfin gefen babur da faiba (zaren gilashi da ake jiƙawa da wani ruwa mai danƙo, rezin, ya daskare ya yi tauri), me zai hana in zuba bonet sukutum a tsakar gida? Lissafi ma ya goyi bayana. Faɗinsa wajen mita 1.4, tsawonsa kamar mita 1, in an haɗa da lanƙwasa a ce murabba'in mita ɗaya da rabi. A takarda, bonet ɗin faiba mai wannan girma bai kamata ya wuce kilo 8 ba.

Ba a zuba bonet kai tsaye. Sai an fara yin mol, kamar dai na masu buga bulo, a kwafi siffar wani bonet mai lafiya, sannan a zuba sabon a cikinsa. Mol kuwa ba ya rufa asiri, ko karcen farce ne sai ya kwafe shi. Nawa ya lotse, don haka na nufi Tudun Wada wajen Kawu, wanda Golf ɗinsa shuɗiya ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta. Na rantse masa kwana biyu ne. Ya ce, "To ɗan nan, ran Juma'a dai ina da ɗaurin aure a Giwa, kuma da motan nan za ni." Ranar Litinin ke nan.

Kayan da na tara: rezin na foliyesta kilo 20 (15 ya isa, amma na san halina), tabarmar faiba murabba'in mita 12 mai nauyin giram 450 a kowane murabba'in mita, da murabba'in mita 4 na mai giram 300, jalkot (shafin farko mai launi da ke zama fatar waje) baƙi kilo 1 na mol, fari kilo 1 na bonet, hadina (ruwan da ke sa rezin ya daskare, wadda ake kira MEKP) rabin lita, asiton na wanke buroshi, kakin hana mannewa, ruwan PVA (shi ma na hana mannewa ne), rola mai tsaga-tsaga ta korar iska, sirinji da sikelin kicin. Abu ɗaya da ya wajaba a tambayi mai sayarwa: an riga an sa wa rezin ɗin kobal, sinadarin da ke taimaka wa hadina ta yi aiki, ko daban zai bayar? In daban ne, wancan ruwan mai launin shunayya a cikin rezin ake fara juya shi sosai, sannan a sa hadina. Idan kobal da hadina suka gamu tsurarsu, wuta ce ke tashi. Wannan kaɗai ne gargaɗin da na bi tun farko, shi ya sa har yau nake da gira.

Ƙa'idar shirya bonet ɗin aro a bayyane take. A wanke shi tas, a toshe ramukan feshin ruwan gilashi da laka irin ta wasan yara, a kewaye gefensa da kwali mai santsi faɗin santimita 7 ko 8 don mol ya sami leɓe, a cike duk inda ƙarfen ya naɗe ciki da laka don kada faiba ta zagaya ta ƙarƙashi ta kulle. Sai kaki: a shafa, a bari ya yi hazo, a goge, har sau shida, da hutu tsakani. A kansa a bi da PVA siriri a bar shi ya bushe. Ni da Juma'a ke bina a guje, na shafa kaki sau biyu, na ga yana ƙyalli har ina ganin haƙorana, na ce ai PVA ɓata lokaci ne. Gefen da ya naɗe kuwa na cike na hagu, aka kira La'asar, na dawo na manta da na dama.

Jalkot shi ne fatar waje, kaurinsa rabin milimita, wato giram 500 zuwa 600 a kowane murabba'in mita. Ana barinsa sai ya kai in ka taɓa da yatsa ka ji danƙo amma launi bai biyo ka ba. Wannan ya tafi daidai. A rezin aka yi ta.

Hadina ana auna ta ne da nauyin rezin, kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Kilo ɗaya na rezin, mil 10 zuwa 20. Kashi 2 na yanayi mai sanyi-sanyi ne, digiri 20 zuwa 25, inda za ka sami minti 15 zuwa 20 kafin ya fara daskarewa. Ni kuwa a watan Afrilu na yi aikin, ƙarfe biyu na rana, lokacin da Zariya ke dosar digiri 40 kuma ƙadangare ma inuwa yake nema. Na zuba kilo biyu a lokaci guda cikin bokiti mai zurfi. Sirinji yana ajiye kusa da ƙafata, amma na ɗauki murfin kwalba na yi ta tsiyayawa, da na gama kuma na ƙara gyara irin ta mai koko. Na jiƙe kusurwa ɗaya, na juya in sake tsoma buroshi, sai na ji ya tsaya kamar an kafa shi a tuwon jiya. Ko minti bakwai ba a yi ba. Kafin in ce innalillahi bokitin ya ɗau zafi, rezin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya fara tsatstsagewa yana hayaƙi, gindin robar ya lotsa.

Dalilin ba tsafi ba ne. Daskarewar rezin da kanta zafi take haifarwa, zafin kuma ƙara mata sauri yake. In yana shimfiɗe a kan tabarma, zafin na fita. In an tara shi a mazubi mai zurfi, sai ya dafa kansa. Maganin shi ne a dama kaɗan-kaɗan, giram 500 da hadina mil 5 a sirinji, cikin mazubi mai faɗi, a ajiye jarkar rezin a inuwa kusa da randa, a fara aiki bayan sallar Asuba a tashi kafin hantsi. Kada kuma a ce za a yi wayo a rage hadina ƙasa da kashi 1, don zai kwana uku yana danƙo kamar alewar da ba ta ƙarasa ba. Kuma a sa tabarau, ɗigon hadina ɗaya a ido na iya makantarwa.

Uwargida ta leƙo daga kicin tana toshe hanci da mayafi. "Malam, wannan ba bokitin da nake jiƙa gero ba ne?" Na ce shi ne, amma yanzu ya samu ƙarin girma. Har yau yana nan bayan ɗaki da buroshi tsaye a tsakiya, yara na kiransa tuta.

Washegari na bi ƙa'ida. A fara shafa rezin a kan jalkot, a shimfiɗa tabarma, a riƙa dangwala buroshi ana dannawa, ba ja irin na fenti ba, don ja tarwatsa zaren yake yi. Sannan rola, har sai farin ya ɓace tabarmar ta zama garau. Duk inda ya rage fari, iska ce ko bushewa, kuma nan zai fashe daga baya. Nauyin rezin ninki biyu zuwa biyu da rabi na nauyin tabarma. A kusurwa yaga tabarma ake yi da hannu maimakon yanka da almakashi, gefen ya fi narkewa cikin ɗan'uwansa. Mol ya ci shimfiɗa ɗaya ta 300, aka bar ta ta kama, sannan huɗu na 450, bibbiyu, don zafi kada ya murɗe shi. A bayansa na ɗaura firam na katako na liƙe da guntayen tabarma.

Daren Alhamis na zo cirewa. Na sa katako mai tsini a gefe na buga, shiru. Na zagaya na buga, shiru. Bonet ɗin Kawu da mol ɗina sun ƙulla auren da babu saki. Da na sa PVA, da ruwa kawai zan tsiyaya a tsakani ya narke su rabu, don shi a ruwa yake narkewa. Gefen dama kuwa, inda na manta da laka, faiba ta zagaya ta riƙe leɓen ƙarfe kamar ƙugiya. Haka Kawu ya tafi Giwa da shuɗiyar mota mai jan bonet ɗina mai tsatsa, ɗaure da igiyar shanya. An ce da ya isa, kafin a tambaye shi gajiya sai da aka yi masa jaje.

Sai ranar Lahadi suka rabu, bayan na yanke gefen dama da giranda na bi da ƙananan katakai goma sha biyu ina bubbugawa da gudumar roba. Sukundireba ba ya shiga wannan aiki, yana karce fuskar mol. Da ya ɓalle, ya taho da fentin Kawu faɗin faifai. Kuɗin mai fenti ya fito daga aljihuna, Kawu kuma ya tsaya a kansa har aka gama bai ce mini uffan ba.

Yankan nan da giranda na yi shi ne da singileti, ba takunkumi. Ƙurar faiba gilashi ce, ƙananan allurai. Ƙaiƙayin gero wasan yara ne a kanta. Na yi wanka da ruwan zafi, abin ya ƙara shiga jiki. Ruwan sanyi ake fara sawa, a kuma bi fatar da salatif ana mannawa ana ɗagawa. A sahun Isha'i na yi ta mutsu-mutsu har dattijon da ke gefena ya matsa ya bar mini fili. Riga mai dogon hannu, safar hannu da takunkumi mai kyau sun fi duk wannan araha.

Sabon mol na cike masa raunukansa, na goge da sanfefa ta ruwa daga 400 zuwa 1200, na yi masa kaki sau takwas da PVA, ban ƙara gardama ba. Farin jalkot a kan baƙin mol, don a ga inda bai ji ba. Inda ya yi siriri da yawa, rezin na taɓa shi yake yamutsewa kamar fatar kada, kuma na samu wannan a kusurwa biyu. Sai 300 ɗaya, 450 biyu. Bonet shimfiɗaɗɗe ba shi da ƙarfi sai an yi masa haƙarƙari a ciki. Na yanko farin soso na kwalin firji na jera, na shafa rezin, ina kallo ya narke ya zama majina, saboda sinadarin sitirin da ke cikin rezin cinye irin wannan soso yake yi. Tiyon ban ruwa da aka tsaga biyu, ko kwali da aka naɗe, shi ya yi aikin: a jera kamar alamar X da layi a gefuna, a rufe da tabarma biyu. Ƙarfin daga siffar haƙarƙarin yake zuwa, abin da ke ciki riƙo kawai yake yi.

Ya kamata bonet ya kwana biyu ko uku a cikin mol, domin foliyesta na ci gaba da ƙanƙancewa bayan ya yi tauri. Ni da safe na cire shi, ya fito ɓul kamar ƙwai daga ɓawo, murna ta sa na jingina shi da katanga a rana don maƙwabta su gani. Da Azahar tsakiyarsa ta lotsa, kusurwar hagu ta ɗaga kamar tana gaisuwa. Daga nan na shiga cike da fila, abin da fanalbita ke cike lotsa da shi. A goge da sanfefa 80, a cike, a goge da 180, a hanga, a ƙara. Gwangwani nawa ya tafi, wannan tsakanina da mai shago ne.

Wajen hinji da makulli faranti ake sawa na ƙarfe mai kaurin milimita 3, a yi masa waldar noti a baya, a huhhuda shi don rezin ya ratsa, a kankare, a wanke da asiton, a binne shi da tabarma uku. Sharaɗin shi ne in faibar ta riga ta bushe, dole a karce wurin da sanfefa 80 kafin a ɗora sabuwa, in ba haka ba zama kawai za ta yi a kai. Na hinji na karce. Na makulli, magariba ta yi, na ce ai rezin da rezin 'yan uwa ne.

Gwaji na fita yi ta Kwangila na miƙe hanyar Samaru da sassafe. A 40 lafiya. A 60 ya fara rawa kamar mai jin sanyi. Na wuce Samaru na kama hanyar Shika, allura na taɓa 80 na ji ƙas, sai duniya ta zama fara. Bonet ya tashi ya rungume gilashin gaba. Na leƙa ta taga na gangara gefe ina salati. Farantin makullin yana nan daram a cikin makulli, fes da shi, ko zare ɗaya bai biyo shi ba. Gilashi kuwa ya yi yanar gizo-gizo. Wani mai kai madara a babur ya tsaya ya duba, ya ce, "Alhaji, sabon yayi ne?" Duk bonet ɗin faiba a sa masa fil biyu na ƙarfe da ke ratsowa daga ƙarfen saman lagireto, ko da makullin na aiki. A kuma manna takardar alminiyam mai hana zafi a ciki daidai saman inji, a guji fenti mai duhu, don rana na fito da zanen zaren a fuskar bonet.

Yanzu yana kan motar, da fil biyu, fari tas, in ka tsaya daga nesa. Ranar da na sauya gilashi na ɗauki tsohon da sabon na kai sikelin masu hatsi, Kawu na biye da ni don ya ce sai ya gani da idonsa. Na ƙarfen, da tsatsarsa da komai, kilo 14. Aka ɗora nawa, allura ta wuce 14 ba ta ko waiwaya ba, ta tsaya a 17. Kawu ya gyara hula, ya dubi mai sikeli ya ce, "Auna masa bokitin ma, yana gida."