Lemon da Na Sha a Guangzhou

Duk wanda ya taɓa zuwa saro kaya Guangzhou ya san matsalar ciki. Abincin halal yana can wajen Xiaobei, inda baƙar fata ke taruwa, ni kuwa ran nan tun safe ina wani shagon tangaran mai nisa, ina neman farantai da kofunan kayan ɗakin amare. Azahar ta gota, ban sa komai a baki ba.

Mai shagon ya shige ciki da tafintana, wani ɗalibi ɗan wajenmu, don duba samfur. Sai idona ya kai wata 'yar kanta a lungu, da jar fitila, da farantin lemo da tuffa jere gwanin sha'awa. Na ce kai, mutanen nan sun iya karɓar baƙo. Na yi bisimilla. Ɓawon kuwa na tusa shi cikin wani kasko mai toka da na ɗauka na zubar da guntun sigari ne. Har ɗan kofin ruwan da ke gefe na kora da shi.

Ina cikin ɓare wani, sai ga wata tsohuwa, uwar mai shagon. Ta tsaya cak. Tafinta ya leƙo, ya dafe kai.

"Alhaji, lemon Guanyin kake sha!"

"Wace ce kuma haka? Ta zo in biya ta."

Ya nuna mini bayan farantin. Ashe farar 'yar mutum-mutumin da na zata samfur ce, ita mabiya addinin Buddha ke roƙo wajen neman jinƙai. Ya shiga yi mini karatu cikin raɗa, lemo na hannuna yana ɗiga. Furen badon da take tsaye a kai, tsarki ne, don daga taɓo yake fitowa amma ba ya ɓaci. 'Yar butar hannunta ruwan sanyaya wahalar bayi ce, reshen itacen da ke ɗaya hannun da shi take yayyafawa. A Indiya ma siffar namiji ce, Avalokiteshvara, sai a Sin ta koma mace. Ya ce a tsibirin Hainan akwai tata mai tsayin mita 108, an gama ta a 2005.

"Kaskon fa?"

"Na turaren tsinke ne, Alhaji."

Innalillahi. Ga abin da aka ajiye wa gunki a cikina, ga tsohuwa na tsince ɓawo daga toka ɗaya bayan ɗaya. Ina istigfari ina ba da haƙuri, ban san wanne ya kamata in fara ba.

Sai ta tuntsire da dariya. Wai Guanyin ba ta taɓa hana mai yunwa ba. Ta jawo ni ta nuna mini wata mai hannu dubu, kowane tafi da ido a ciki: idon ya hango mai wahala, hannun ya kai ɗauki.

Jin haka na ce yau ciniki zai yi daɗi, gidan tausayi na faɗo. Na nemi ragi. Mai shagon ya danna kalkuleta ya juyo mini da ita, ko yuan ɗaya bai sauka ba. Da zan tafi kuma ya naɗe mini mai hannu dubun, wai kyauta. Na hango kaina a filin jirgin Kano, ɗan kwastan na buɗe kwali, ga surukina liman ya zo tarbata.

"Ɗana, gaya masa kilo ya yi mini yawa."