Auren tangaran da tarbain: me ya hana wannan injin lantarki shiga kasuwa?

A shekarar 2000 aka kunna wani injin samar da lantarki, mai haɗa batirin gas na tangaran da tarbain, a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, a Amurka. Kamfanin Siemens Westinghouse ne ya ƙera shi da nufin ya ba da kilowat 220, wato bai wuce janaretan matsakaicin otal ba. Sai dai ya mayar da kusan kashi 53 cikin ɗari na makamashin gas ɗin da ya sha zuwa wuta, alhali ƙaramin tarbain, wato inji mai fukafukai da iska mai zafi ke juyawa, shi kaɗai da ƙyar yake kai kashi 30. Yau shekara ashirin da ɗoriya, irinsa da aka sayar ba su taka kara sun karya ba. A ganina masu tallata wannan fasaha sun daɗe suna ɗaga wannan kason na wutar da take fitarwa, adadin da ba shi ne matsalarta ba.

Abu biyu aka aura wa juna. Na farko batirin gas ne, wanda injiniyoyi ke kira fiyul sel. Ba ya ƙona gas. Siririn tangaran ne na wani sinadari mai suna zakoniya, iska a gefe ɗaya, gas a ɗaya gefen, a zafin digiri 900 zuwa 1000. Oksijin na ratsa tangaran ya haɗu da haidurojin da ake samu daga gas ɗin, lantarki ya fito, kowace ƙwayar batirin kusan bolt 0.7, shi ya sa ake jera su ɗaruruwa. Na biyu tarbain ne da kwamfuresonsa. Kwamfureson na matsa iska ninki uku ko huɗu, a ɗumama ta da hayaƙin da ke fita, a tura wa batirin. Batirin na cin kashi 80 zuwa 85 na gas ɗin, ragowar a ƙona ta, zafin ya juya tarbain, tarbain ya juya kwamfureso da janareta. Matsin iskar yana ƙara wa batirin ƙarfi, abin da batirin ya bari kuma tarbain ya kwashe. A takarda babu aure mai kyau kamar wannan.

A aikace halinsu ya bambanta. Tarbain ɗan gaggawa ne, cikin daƙiƙa yake sauya gudu. Tangaran kuwa sai an lallaɓa shi sa'o'i da yawa kafin ya yi zafi, in an gaggauta ya tsage. Babbar matsalar tana cikin tukunyar da aka sa batirin. A tarbain na yau da kullum, tsakanin kwamfureso da fukafukan tarbain ɗan ƙaramin ɗakin ƙonawa ne kawai. A nan kuwa ƙatuwar tukunya ce da bututai, cike da iska mai zafi a matse. Idan lodi, wato wutar da ake ja daga injin, ya yanke farat ɗaya, iskar nan ba ta san an yanke ba, tana ci gaba da tura tarbain har gudunsa ya wuce ƙa'ida. Idan kuma gudu ya faɗi da sauri, kwamfureson ya kasa tura iska cikin tukunyar da ta fi shi matsi, sai iskar ta dawo baya da ƙarfi, ta yi ta kai-komo. Matsin gefen iska ya bambanta da na gefen gas, tangaran da bai kai kaurin takarda ba ya fashe, gas ya haɗu da iska, wuta ta tashi a inda bai kamata ba. Kashi mafi tsada na injin ya tafi ke nan.

Maganin da aka sani shi ne bawul-bawul: ɗaya ya zubar da iska waje, ɗaya ya kewaye batirin da iska mai sanyi, ɗaya da mai zafi. Kowanne aka buɗe, wani kaso na ribar da ake taƙama da ita ya zube. Cibiyar binciken makamashi ta gwamnatin Amurka da ke Morgantown ta gina wurin gwaji inda tarbain ɗin na gaske ne, batirin kuwa tukunya ce da murhun da kwamfuta ke sarrafawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda ake tsoron fasa na gasken.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ke kashe batirin a hankali. Gefen gas na batirin da ƙarfen nikel aka yi shi, farar wuta kuma guba ce gare shi ko da 'yar kaɗan ce, har da sinadarin warin da ake sa wa gas don a gane yoyo, don haka dole a tace. Dole tururin da ake gauraya wa gas ya zama aƙalla ninki biyu na kabon ɗin da ke cikin gas, in ba haka ba baƙin kabon ya toshe ƙofofin. In an kashe inji yana da zafi kuma iska ta taɓa nikel, ya yi tsatsa ya kumbura. Sai an tanadi tukwanen naitirojin na korar iskar.

Kasuwa ta yi nata hukuncin. Siemens ya bar sana'ar. Rolls-Royce ya sayar wa LG kashi 51 na sashensa na batirin gas a 2012, aka rufe shi a 2018. Mitsubishi ne ya jure: ya gwada na kilowat 250 a Jami'ar Kyushu a 2015, ya kafa na kasuwa a ginin Marunouchi da ke Tokyo a 2019, yana ba da kusan kashi 55. A daidai lokacin, tashar Bouchain a Faransa, mai haɗa tarbain na gas da na tururi, ta kai kashi 62.22 a 2016, ba tangaran ko ɗaya. Batiran gas zalla irin na Bloom Energy ma sun haura kashi 50 ba tare da tarbain ba. An matse auren ta sama da ta gefe.

Duk da haka ban ce a binne shi ba, domin yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Batiri na tsufa, ƙarfinsa na raguwa, asarar ta zama zafi. In shi kaɗai ne zafin ya tafi a banza, in da tarbain a bayansa sai ya kwashe wani kaso. Ana iya ma rage wa batirin nauyi da gangan, a bar wa tarbain gas mai yawa, don tangaran ya daɗe. A nan ya kamata kuɗin bincike ya tafi, a kan yawan sa'o'in aiki da na'urar sarrafawa.

Idan bututun AKK, wato na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614 ya kawo gas Kano, masu talla za su zo wa masana'antun Sharaɗa da Bompai da ƙasidu masu kashi 55 a bango. Injin da ke son lodi a tsaye dare da rana zai tarar da layin wuta mai faɗuwa ba sallama, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Kafin a sa hannu a tambaye su sau nawa injin zai iya mutuwa da zafinsa kafin tangaran ya tsage, bayan sa'o'i nawa ake sauya batirin, kuma wa zai biya.