Masu Ciwon Hanji, Ku Rabu Da Likitocin WhatsApp

Da zarar an ji ɗuriyar cutar numfashi ta MERS ko wata sabuwar mura a labarai, sai saƙon muryar nan ya sake ɓulla a wayoyin mutanenmu, daga Shara Mansur a Makka har Karantina a Jidda: wai mai ciwon kumburin hanji kada ya kusanci asibiti, ya ajiye maganin da ke rage garkuwar jiki har annoba ta lafa. Mai maganar ya rantse, ya rufe da addu'a, jama'a kuma su yi ta turawa kamar aikin lada.

Ba na musun cewa ana ɗaukar cuta a asibiti. A Jidda aka fara gano MERS a 2012, kuma a 2014 cikin asibitoci ta fi yaɗuwa, har ta yi awon gaba da kujerar ministan lafiya na Saudiyya. Tsoron yana da tushe, shawarar ce ba ta da kai.

Mai ciwon kumburin hanji, wato cutar Kuron ko gyambon babban hanji, da ke karɓar infliximab, ɗaya daga cikin magungunan rage garkuwar, yawanci sau ɗaya yake zuwa a mako takwas, a sa masa ƙarin ruwa na 'yan awoyi, ya koma gida. In ya tsallake, ciwon ba zai jira annoba ta wuce ba. Gudawa da jini ta dawo, jiki ya rame, ƙarshenta a kwashe shi cikin dare zuwa sashen gaggawa, inda masu tari da zazzaɓi suka yi cincirindo. A ɗora shi kan sitiroyid mai yawa, a kwantar da shi kwanaki, ga haɗarin ƙwayar cuta mai sa gudawa, C. difficile, da ta fi samun masu irin wannan ciwo a gadon asibiti. An guje wa gara, an faɗa gidan zago.

Abin takaicin, an riga an bincika wannan. Bayanan da likitocin ƙasashe da dama suka tara a rajistar SECURE-IBD ta masu ciwon hanji da suka kamu da korona tun 2020 sun nuna sitiroyid ne ke tafe da tsananin korona, ba a ga haka ga magunguna irin infliximab da adalimumab ba. Wato maganin da ake ce musu su jefar shi ne ke raba su da wanda ya fi haɗari. Masu cewa zuma da habbatussauda sun wadatar, babu mai hana su sha, amma su daina hana mutane allura.

Asibitoci ma da nasu aikin. A raba ƙofar ɗakin ƙarin ruwa da ta masu zazzaɓi, wanda za a iya mayar wa allurar ƙarƙashin fata ya riƙa yi a gida. A Maris 2020 Sarki Salman na Saudiyya ya ba da umarnin yi wa kowa maganin korona kyauta, har marasa iƙama, wato takardar izinin zama, amma ciwon hanji bai shiga ciki ba, marasa iƙamar kuwa suna cikin masu bin irin wannan saƙo.

In cutar annobar ta kama mai ciwon hanji, akan jinkirta allurar na ɗan lokaci. Wannan hukuncin likitansa ne, ko ya kira 937, layin ma'aikatar lafiya ta Saudiyya, ya tambaya, ba na wani mai dogon saƙon murya da ko sunan maganin bai iya faɗa ba.