Yadda hadisi ya cinye mini ɗanwake

Duk wanda ya ce lissafi ne abu mafi wuyar koyarwa a firamare, bai taɓa gwada sasanta 'yan aji uku ba. Biyu da biyu dai huɗu ne, ko a Kano ko a Maraɗi. Amma ka ce wa ɗan shekara takwas ya ara wa na kusa da shi reza ya fiƙe fensir, sai ya dube ka kamar ka ce ya sayar da gonar gado.

Tun da aka ce ilimi kyauta ne kuma dole a Kano a 2019, ajina ya cika maƙil. Bencin mutum uku biyar ke zama, sauran suna kan tabarma. Ƙara kuwa ba ta yankewa. "Malam, ya taka ni." "Malam, ta harare ni." "Malam, ya ce kan babana ƙato ne." Rabin darasi alƙalanci nake yi.

Da muka zo kan zaman tare a darasin zamantakewa, sai na ce yau zan yi maganin abin. Na tambaye su wa ya san hadisi na 13. Kafin in rufe baki ajin ya ɗauka da karatun Islamiyya: imanin ɗayanku ba ya cika sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa. Na ƙara musu da cewa ko murmushi ka yi wa ɗan'uwanka, sadaka ce. Sannan na miƙa wa monita sabon littafi na ce duk wanda ya yi wa wani alheri a rubuta sunansa, wanda ya fi yawa ranar Juma'a ledar alawa tasa ce.

Washegari alheri ya ɓarke.

Akwai wasu tagwaye a layin baya. Ina kallo ta taga Hassan ya sa wa Husaini ƙafa, ya faɗi tim, ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa wando, har da "sannu ɗan'uwana". Suka ruga wajen monita. Da aka rubuta, sai suka koma wurin, wannan karon Husaini ne ya sa ƙafar. Wata yarinya kuma ta ƙware wajen gano takalman da suka ɓata, har na fara yaba idonta, ashe ita ke tura su bayan allo tun da safe.

Baba maigadi ne ya fara kawo kuka. "Malam, don Allah ka raba ni da yaran nan. In na cika buta zan yi alwala, sai wani ya zubar ya sake ciko mini. Ɗazu huɗu suka riƙe ni wai za su tsallakar da ni fili. Ni ina za ni?"

Monita kuwa, Allah ya shirye shi, ya buɗe kasuwa. Gullisuwa ɗaya alheri ɗaya, awara mai yaji alheri biyu. Batun murmushi ma bai bar mu ba. Hedimasta ya leƙo ajin, yara sama da saba'in suka washe masa baki lokaci guda, mai giɓi da mai haƙori, ba wanda ya ce uffan. Bawan Allah ya shafa hularsa, ya duba gaban rigarsa, ya fita a hankali.

Ranar Alhamis uwargida ta cika mini kula da ɗanwake, ya sha mai da yaji, ga albasa, ga dafaffen ƙwai a sama. Ko karyawa ban yi ba saboda shi. Ana buga ƙararrawar tara na buɗe, ƙamshi ya gauraye ajin. Sai ga Hassan a gaban tebur, hannu a baya.

"Malam, kana son ɗanwake?"

"Ƙwarai kuwa."

Ya juya ya kalli ajin. Wallahi ko ishara bai yi musu ba, suka ɗauko hadisin nan daga farko, da Larabci da fassara. Na buɗe baki zan yi bayanin cewa malamai sun yi sharhi mai tsawo a kan wannan, sai na ga hedimasta tsaye a taga yana gyaɗa kai.

"Madalla, Malam! Tarbiyya a aikace ke nan."

Ya shigo, ya ce a yi layi, ya yi bismilla da ƙwan. Ɗaya ɗaya aka riƙa tsama hannu. Wanda ya zo ƙarshe ya suɗe man da yatsa, ya ce Allah ya saka wa Malam da alheri. Na amsa da amin, da ƙyar.

Ranar Juma'a monita ya miƙe ya karanta sakamako. Tagwaye sun yi na biyu. Na ɗaya kuwa, da alheri sama da saba'in a zama guda, Malam ne. Aka yi ta tafi. Hedimasta da kansa ya damƙa mini ledar alawar da na saya da kuɗina, har yana cewa a yi koyi da ni.

Ina cikin tura ta aljihu sai na ga hannu a sama daga layin baya.

"Malam, kana son alawa?"